Coci Da Marasa Aikin Yi: Abin Koyi Daga Filadelfiya

A duk garin da masana'anta ta rufe ƙofarta, ko kamfani ya sallami ma'aikatansa, wurare biyu ne magidanci kan fara kai kukansa, watau gidan dangi da wurin ibada. Dangi ba su daɗewa suke gajiya, domin su ma da nasu nauyin. Daga nan sai abin ya koma kan shugabannin addini. Babu faston da ke riƙe da coci a unguwar talakawa da bai san irin wannan sallama ba, ta mutumin da zai tsaya a baya bayan an tashi daga sujada, ya jira kowa ya watse, sa'an nan ya matso ya ce yau wata huɗu ke nan ba a ɗora tukunya a gidansa da kuɗin guminsa ba.

Abin da aka saba yi shi ne a buɗe asusun taimako, a ba shi mudun shinkafa ko na masara, a biya wa ɗansa kuɗin makaranta na zango guda, a yi masa addu'a. Wannan aikin alheri ne, babu mai musu. Amma fa wata mai zuwa mutumin zai dawo, tare da wasu biyar irinsa, asusun kuwa bai ƙaru ba. Tambayar da ta kamata shugabannin coci su yi wa kansu ita ce, shin akwai hanyar da coci zai bi ya kai mutum ga aiki na sosai, irin wanda ake biyan albashi a ƙarshen wata? Akwai. An gwada ta a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka fiye da shekara 60 da suka wuce, kuma reshenta ya iso har birnin Ikko tun 1970. Ya kamata jama'a su san yadda aka yi, da inda aka ci nasara, da kuma inda aka yi tuntuɓe.

A cikin 1950 ne aka naɗa Rabaran Leon Sullivan ya zama faston cocin Zion Baptist da ke arewacin Filadelfiya, a lokacin bai kai shekara 30 da haihuwa ba. Ya tarar da mabiya wajen 600. Unguwar ta baƙar fata ce, da yawansu sun baro gonakin kudancin Amurka ne suka zo birni neman aiki a masana'antu. Sai dai kash, sun iso a daidai lokacin da masana'antun, musamman masaƙu, suka fara kwashe injunansu suna komawa bayan gari, ko kuma kudu inda ladan ma'aikaci ke da araha. Ayyukan da suka rage masu ɗan maiƙo, irin su akawu da direban motar kamfani da mai sayar da kaya a kanti, farar fata ake ba. Baƙar fata sai shara da dako da wanke-wanke. Samari suka cika bakin titi suna zaman kashe wando, abin da ke biyo bayan irin wannan zama kuwa kowa ya san shi.

Sullivan ya fara ne da hanyar lumana da kowa zai fara da ita. Ya buɗe ɗan ofishin neman wa samari aiki a cocinsa, ya rubuta wa manyan kamfanonin birnin takarda yana roƙon su gwada yaran nan. Ƙalilan ƙwarai ne suka ko amsa. Da ya ga roƙo bai yi amfani ba, sai ya duba abin da ke hannun jama'arsa. Ba su da masana'anta, ba su da banki, amma su ne ke sayen burodi da lemo da man fetur na waɗannan kamfanoni kullum. Daga wajen 1959 zuwa 1963 fastocin baƙar fata kimanin 400 suka haɗa kai a kan magana guda: duk kamfanin da ba ya ɗaukar 'ya'yansu aiki, to kada mabiyansu su sayi kayansa.

Yadda suka tafiyar da abin shi ne ya fi ban sha'awa. Ba su tasa wa kamfanoni duka a lokaci guda ba, ɗaya bayan ɗaya suka bi su. Sukan aika da wakilai su zauna da shugabannin kamfani, su faɗi adadin guraben da suke so da irin aikin, su ba da wa'adi. In wa'adi ya cika ba a yi ba, ran Lahadi sai a sanar a kan mumbarin coci-coci 400 cewa a daina sayen kayan wane. In kamfanin ya cika alkawari, a kan mumbarin dai za a sanar a koma saye. A 1960 sun yi wa kamfanin kek na Tasty Baking haka, bai daɗe ba ya ɗauki baƙar fata a aikin tuƙa motocin raba kaya da aikin ofis. Bayansa aka bi kamfanonin lemo da na mai da na jarida. Dubban guraben aiki suka buɗe, ba tare da an jefi tagar kowa ba. Har ƙungiyar Martin Luther King ta ari wannan dabara ta yi aiki da ita a Atlanta da Shikago.

To, a nan ne aka gamu da gaskiya mai ɗaci. Ƙofa ta buɗe, amma masu shiga sun yi ƙaranci. Kamfani zai ce a kawo masa mai buga tafireta ko mai sarrafa inji mutum goma, a duba cikin ɗaruruwan marasa aiki a rasa goman da suka iya. Da yawa sun bar makaranta tun ba su iya karatu sosai ba, wasu kuma ba su taɓa yin aikin da ake zuwa a kan lokaci ba. Sullivan bai ɓoye wannan ba, bai kuma ɗora wa kamfanoni laifinsa duka ba. Ya fito fili ya ce buɗe wa mutum ƙofa ba tare da an shirya shi ba baƙin ciki kawai zai ƙara masa.

Saboda haka a watan Janairu na 1964 aka buɗe cibiyar koyar da sana'a wadda duniya ta sani da sunan OIC. Wurin da aka samu tsohon ofishin 'yan sanda ne mai ɗakunan tsare masu laifi, wanda hukumar birni ta yi watsi da shi, ta ba da hayarsa a kan dala 1 a shekara. Mutanen unguwa da kansu suka share shi suka gyara. Coci-coci suka yi karo-karo, kamfanoni suka ba da injuna, daga baya Gidauniyar Ford ta taimaka da kuɗi. Aka fara koyar da aikin kwano da sarrafa injuna, da zanen taswirar inji, da gyaran kayan lantarki, da ɗinki da keken lantarki, da aikin gidan abinci.

Makarantun koyon sana'a ba sabon abu ba ne ko a wancan zamani. Abubuwa huɗu ne suka bambanta wannan da saura. Na farko, kafin a buɗe aji sai an tambayi masu ɗaukar ma'aikata abin da suke bukata. Mutanen kamfanoni suna cikin kwamitocin da ke tsara darussa, kuma injin da ɗalibi ya koya a kai shi ne irin wanda zai tarar a wurin aiki. Watau daga gurbin aiki aka faro aka dawo baya zuwa aji. Na biyu, akwai ajin share fage da kowa ke bi kafin ya taɓa inji, inda ake koyar da karatu da lissafi, da zuwa a kan lokaci, da yadda ake tsayawa gaban mai ɗaukar aiki a amsa tambaya, har da tarihin baƙar fata, domin wanda ya daɗe ana ce masa ba zai iya ba yana bukatar a fara gyara masa zuciya. Na uku, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan su nemo guraben aiki, su kai wanda ya gama, su kuma riƙa bin sawunsa bayan ya fara. Na huɗu, ba a tambayar mutum cocin da yake zuwa, ko addininsa, ko launin fatarsa. Coci ne ya haifi cibiyar, amma ta duk wanda ya zo ce.

Wani abu kuma da ya kamata a tsaya a kansa shi ne batun kuɗi. Tun a 1962 Sullivan ya yi wa'azi a kan labarin gurasa da kifi da aka ciyar da mutum dubu biyar da su, ya nemi mabiyansa kowa ya riƙa zuba dala 10 a wata har wata 36. Zubin wata 16 na farko sadaka ce, ta tafi ga ilimi da ayyukan jama'a. Na sauran wata 20 kuwa hannun jari ne, mai zubi yana da rabonsa a kamfanin da aka kafa. Abin ya yi kama da adashi, sai dai shi ba a kwasa a raba, tarawa ake yi a sa a aiki. Da yayyafi kogi kan cika. Da wannan kuɗi aka gina gidajen haya, kuma a 1968 aka buɗe rukunin kantuna na Progress Plaza, wanda ake lissafa shi a matsayin na farko irinsa da baƙar fata suka gina suka mallaka a Amurka. Kantunan suna nan har yau. Mabiyan cocin Zion kuwa sun tashi daga 600 zuwa wajen 6,000 kafin Sullivan ya yi ritaya a 1988.

Labari ya bazu. Shugaba Lyndon Johnson da kansa ya ziyarci cibiyar a 1967, kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka suka fara shigowa, aka buɗe rassa a birane fiye da 100. Wasu 'yan Nijeriya da suka ji labarin suka nemi a kawo musu irinsa, aka kafa cibiya a Ikko a 1970, aka kafa ta Gana a Akara a 1971, daga baya aka yi a wasu ƙasashen Afirka. Sullivan ya rasu a 2001.

Ba zai zama adalci ba a ba da wannan labari a tsaya a wurin daɗinsa. Tuntuɓe biyu aka yi, kuma darasinsu bai gaza na nasarar ba. Na farko shi ne dogaro ga aljihun gwamnati. Da kuɗin gwamnati suka yi yawa, rassa da dama suka daina neman taro da sisi na jama'a, suka zama kamar ma'aikatun gwamnati. A 1982 gwamnatin Shugaba Reagan ta sauya dokar koyar da sana'a da aka yi tun 1973, kuɗin suka ragu, rassa masu yawa suka rufe. Waɗanda suka rage a yau ba su kai rabin na da ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na biyu, masana'antun da jama'ar Zion suka kafa da kansu, na ɗinkin tufafi da na haɗa sassan na'urorin jiragen sama, ba su ɗore ba. Iya wa'azi da iya tara jama'a daban ne da iya riƙe masana'anta a kasuwar da ake gasa. Bugu da ƙari, arewacin Filadelfiya har yanzu yana cikin unguwannin da talauci ya yi wa katutu. Dubban iyalai sun tsira ta wannan hanya, amma coci bai iya mayar da masana'antun da suka tafi ba, kuma babu cocin da zai iya.

Wanda ya san kudancin garin Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani ba. Masaƙar Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002, sauran masaƙun Kakuri kuma suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Dubban ma'aikatan da suka zo daga kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da sauran sassan ƙasar nan suka wayi gari ba aiki, 'ya'yansu kuma suka tashi ba su taɓa ganin hayaƙin masana'anta ba. A unguwannin nan coci-coci ba su ƙirguwa, kuma da yawansu suna ƙoƙari. Ana shirya horon mako biyu ko wata guda, a koyar da yin sabulu da man shafawa da ɗaurin ɗankwali, a raba takardar shaida, wani lokaci a ba mutum biyar ko goma keken ɗinki, a ɗauki hoto. Niyya mai kyau ce. Amma in aka koya wa mata hamsin na layi ɗaya yin sabulu iri ɗaya, wa zai saya a hannun wa? Kuma bayan shekara guda, wa ya koma ya duba ko kekunan nan suna ɗinki, ko kuwa an sayar da su an biya kuɗin haya?

Daga abin da ya faru a Filadelfiya, ga abin da ya kamata shugabannin coci su yi. Da farko su ƙirga abin da ke hannunsu. A cikin kowane coci akwai ɗan kwangila, akwai mai garejin gyaran mota, akwai mai gidan burodi, da mai makaranta, da ma'aikaciyar asibiti, da manajan otal. Waɗannan su ne suka san inda ake neman hannu. A zauna da su a rubuta guraben da ke akwai da irin gwanintar da ake nema, kafin a sayi ko allo ɗaya. In masu gini suna kukan rashin mai sa tayil da mai haɗa famfo da mai jan wayar lantarki, to wannan za a koyar. Ba lalle ne ma coci ya gina makaranta ba. Garuruwa cike suke da ƙwararrun masu sana'a, kamar na kasuwar Panteka a Kaduna, waɗanda in an biya musu kuɗin koyo aka tsaya wa yaro, za su karɓe shi. Abin da coci ke da shi wanda ofishin gwamnati ba shi da shi shi ne sanin mutum. Fasto da dattawan coci sun san gidan su yaro, sun san halinsa, za su iya tsaya masa a gaban maigida, za su iya kuma tsawata masa in ya fara makara.

Na biyu, kada coci ɗaya ya ce shi kaɗai zai yi don sunansa ya fito. Da fastocin Filadelfiya 400 kowa ya kama gabansa, da babu kamfanin da zai saurare su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, kuɗin tushe su fito daga jama'a, komai ƙanƙantarsu, a riƙe su a asusu daban da na baiko da na gini, a riƙa karanta lissafinsu a fili, kuma a damƙa su a hannun waɗanda suka san ciniki. In taimakon gwamnati ko na ƙasashen waje ya zo, a karɓa a matsayin ƙari, kada a kafa ginin a kansa.

Na huɗu, kuma a ƙasar nan wannan ya fi kowanne nauyi, a bar ƙofa a buɗe ga kowa. Garin Kaduna ya ga abin da ya gani a rikicin 2000, wanda ya sa mutane suka rabu, kowa ya koma unguwar 'yan addininsa. Samarin da ake ba makami a irin wannan rana, ta kowane ɓangare, marasa aikin yi ne. Cocin da zai ce sai mai katin baftisma za a koya wa walda, ko kuma ya mai da koyon sana'a tarkon jan mutane zuwa addini, ya ƙara tsawon katangar ne, kuma maƙwabta za su guje shi tun kafin ya fara. In kuwa yaron da aka kawo daga Tudun Wada ya zauna benci ɗaya da na Sabon Tasha wata shida suna koyon gyaran inji, ba tare da an taɓa addinin kowa ba, an yi wa garin aikin da taron sulhu goma bai yi ba. Babu kuma abin da ya hana kwamitocin masallatai su yi irin wannan, ko ma a haɗa hannu a yi tare.

Gwamnati ita ma da nata. Tun 1987 Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa take gudanar da shirin koyon sana'a a wurin masu sana'a, kuma tun 1971 akwai Asusun Horar da Ma'aikata na masana'antu. Ya kamata waɗannan hukumomi su yi aiki da ƙungiyoyin addini da suka nuna da gaske suke, su jarraba ɗalibansu su ba su takardar da kamfanoni suka yarda da ita. Amma kada gwamnati ta fake da ƙoƙarin coci ta sauke nata nauyin. Wutar lantarki da tsaro da hana fasa-ƙwaurin da ya taimaka wajen kashe masaƙu ba aikin fasto ba ne. In babu masana'anta da kasuwa mai motsi, duk wanda aka horar zai koma bakin titi ne da takarda a aljihu.

A ƙarshe, ma'aunin wannan aiki guda ɗaya ne, kuma ba shi da wuyar ganewa. Duk cocin da ya ce yana taimakon marasa aikin yi, to a ƙarshen shekara ya tashi a gaban mabiyansa ya faɗi mutum nawa ya karɓa, mutum nawa suka gama, mutum nawa suka sami aiki ko suka buɗe shago, kuma mutum nawa daga cikinsu ke nan a bakin aikin bayan wata 12. Masu zuba kuɗi suna da haƙƙin su ji wannan lissafi, kuma ya kamata su riƙa tambayarsa. In adadin ya yi kyau, a ƙara himma. In bai yi ba, a koma wurin masu ɗaukar ma'aikata a sake tambaya, kamar yadda Sullivan ya yi a 1963 da ya ga ƙofa ta buɗe babu mai shiga.